Ranar da tela ya gyara mini lissafi: Mena da gardamar fadarmu

Da yammacin Asabar, 8 ga Oktoba 2011, na tsuguna a ƙofar shagon wani tela a nan Sabon Gida, na ɗauki tsinke na zana lissafi a ƙasa. Da na gama sai na miƙe, na karkaɗe hannu, na ce wa jama'a kowa ya kama gabansa, an fitar da mu. Masar ta ci Mena 3 da nema. Afirka ta Kudu da Saliyo sun tashi babu ci. Ƙasashe uku ke nan kowace da maki 9, kuma a cikin ukun mu ne ragarmu ta fi shan ƙwallo: mun zura 6, an zura mana 8, alhali Afirka ta Kudu ta zura 4, an zura mata 2 kacal. Ina da shekara talatin a lokacin, da takardar makarantar horon malamai ta Kaocen da ke Tawa, kuma a fadarmu idan maganar lissafi ta taso ni ake kallo.

Telan bai ko ɗaga kai daga kekensa ba. Ya ce, "Mushe, lissafinka daidai ne, sai dai ba shi aka tambaya ba." Ya ce shi ya ji a rediyo tun farkon mako cewa idan maki ya zo ɗaya, abin da ake fara dubawa shi ne wasannin da masu kunnen dokin suka yi a tsakaninsu. Na ce masa ya bar rediyo ya kama ɗinkinsa. Kafin a kira sallar isha'i gari ya ɗauka da ihu, Nijar ta samu shiga gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihinta, ni kuma ina tsaye kusa da zanen da na yi a ƙasa, yara suna tattake shi da gudu.

Abin da ya sa na tono wannan labari shi ne ƙorafin da nake ji daga iyaye a duk taron lakwal. Kullum maganar ɗaya ce: yaro ba ya iya karanta shafi guda, amma ya san duk 'yan wasan Real Madrid da Barcelona, kuma zai yini yana gardama a kansu. Ƙorafin yana da tushe, zan dawo kansa. Sai dai na lura ɗalibaina na yanzu, waɗanda ba a ma haife su ba a 2011, ba su san ƙasarsu ta taɓa zuwa wannan gasa sau biyu a jere ba. Masu rubuta tarihin ƙwallo sun rubuta sakamako da sunayen waɗanda suka ci. Ni abin da nake da shi shi ne yadda aka tauna waɗannan shekaru uku a bakin tukunyar shayi, a garin manoman albasa mai nisan ɗaruruwan kilomita daga Yamai.

Kafin 2010 babu mai lissafa Mena cikin manya. Sunan na barewar sahara ne, kuma masu zolaya daga ƙetaren iyaka, 'yan'uwanmu na Najeriya da muke cin kasuwa ɗaya da su, sukan ce ai barewa gudu kawai ta iya. A 2009 Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, aka kuma damƙa ƙungiyar a hannun ɗan ƙasa, Harouna Doula Gabde. Alamar farko ta fito ne a gasar CHAN, wadda ake bugawa da 'yan wasan cikin gida zalla. Nijar ta fitar da Najeriya a wasannin share fage, ta je Sudan a farkon 2011, ta kai zagayen kwata-fainal, inda masu masauki suka cire ta a bugun fenareti. Ƙungiyar sojoji ta ASFAN ma ta kai matakin rukuni a kofin Confederation na 2010. Duk da haka, da aka fitar da rukunin neman shiga gasar 2012 aka ga Nijar tare da Masar, mai riƙe da kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, da Afirka ta Kudu wadda take shirin karɓar baƙuncin gasar duniya, da Saliyo, babu wanda ya ɓata yawunsa a fada. Wasan farko a Satumba 2010 Afirka ta Kudu ta ci mu 2 da nema, kowa ya ce dama.

Sai ranar 10 ga Oktoba 2010. A filin Janar Seyni Kountché da ke Yamai, Moussa Maâzou ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya, kuma a haka aka tashi. A Maris 2011 muka ci Saliyo 3 da 1 a gida, a Yuni suka rama 1 da nema a nasu gidan. A Satumba Afirka ta Kudu ta zo Yamai ta sha kashi 2 da 1, Koffi Dan Kowa da Maâzou ne suka ci mana. Wasa uku a gida, nasara uku. Wasa uku a waje, kashi uku, ko ƙwallo ɗaya ba mu zura ba.

Daga wannan jadawali gardamar farko ta tashi, kuma har yau ba ta mutu ba. Akwai wani direba a cikinmu, mai jigilar albasa zuwa kudu, mutum ne da ya ga gari, kuma ba ya son a ruɗe shi. Shi ra'ayinsa rana ce take ci mana wasa. A kawo Bamisire ko ɗan Johannesburg a tsayar da shi a Yamai da rana tsaka, kafin a dawo daga hutun rabin lokaci ƙafafunsa sun yi nauyi. Hujjarsa mai ƙarfi ce: a gida mun ci 6 an ci mu 2, a waje mun ci sifiri an ci mu 6. In dabara ce, me ya hana ta shiga jirgi ta bi mu? Telan kuwa sai ya ce ranar nan tana Yamai tun kafin a samu 'yancin kai, me ya sa ba ta taɓa kai mu ko'ina ba sai da Doula ya zo? Kuma mutanen Saliyo ba daga ƙanƙara suka fito ba, amma an ci su uku.

Na daɗe ina jujjuya maganganun nan biyu. Abin da muka gani a talabijin, a ranakun da janareto ya yarda, shi ne ƙungiya mai tsuke baya, ta bar wa abokin karawa ƙwallo ya yi ta yawo da ita, da zarar ta ƙwace sai a cilla doguwa gaba inda mai gudu yake jira. Wannan salo yana son abokin karawa da ya gaji, kuma yana son kada a riga ka ci. A Yamai zafi da ihun 'yan kallo suna gajiyar da baƙo, sai dabarar ta yi aiki. A waje, da zarar an zura mana ta farko, dole mu fito neman ramawa, mu kuwa ba a gina mu don haka ba. Wato direba da tela kowa ya kama ƙafa ɗaya ta akuya guda. Na faɗi haka a fada wata rana, sai wani dattijo, tsohon soja wanda muke kira Baba, ya ce, "Malam ya raba gardama irin ta malamai, ya ba kowa rabin maki." Aka yi dariya, amma direban ya koma yana cewa "rana da koci", telan kuma ya koma yana cewa "koci da rana".

Gardama ta biyu a kan Maâzou ce, kuma ita ce ta fi koya mini wani abu game da aikina. Yaron ya tashi a ASFAN, ya tafi Lokeren ta Beljiyam ya yi suna, CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009, ta ba da aronsa ga Monako inda ya yi abin kirki, sannan ga Bordeaux inda ƙwallo ta ƙi shiga masa. A daidai lokacin da magoya bayan Bordeaux suke guna-guni a kansa ne ya ci Masar. Daga baya rauni ya kwantar da shi, ya dawo, ya ci Afirka ta Kudu. To, yana kan ganiyarsa ko ƙafarsa ta yi sanyi? Samarin da suke bin wasannin Faransa a gidan kallo sun ce ya ƙare, sa'a ce kawai take bin sa a rigar ƙasa. Wasu suka ce kishin ƙasa ne, a can kuɗi yake bugawa, a nan zuciya. Wani makaniken babur, wanda ba ya yawan magana, shi ya kawo abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce a lura da inda fili yake. Bordeaux babbar ƙungiya ce, ƙananan ƙungiyoyi suna komawa baya su cunkushe a gabanta, mai gudu ba shi da inda zai gudu. Mena kuwa ita ce ƙarama, manya ne suke hawo mata, sai su bar sarari a bayansu kamar fegi bayan girbi. Mutumin ɗaya ne, ƙafar ɗaya ce, wurin da aka ajiye shi ne ya bambanta.

Malamai 'yan'uwana sun san irin wannan yaro. A aji, da Faransanci, ka tambaye shi bakwai sau takwas ya tsaya yana kallon rufi. Ka same shi a garka lokacin cirar albasa, zai gaya maka buhu nawa fili zai bayar, nawa za a cire na ɗauka da na mota, nawa zai rage, tun kafin ka buɗe jakarka ka ɗauko alƙalami. Mu sai mu rubuta masa "mai rauni" a takarda. Tun daga maganar makaniken nan nake jinkirta hannu kafin na rubuta wannan kalma.

Mu koma daren 8 ga Oktoba, domin kuskuren da na yi a ƙasa da tsinke, wata ƙasa sukutum ta yi shi a gaban duniya. Dokar hukumar CAF ta ce idan ƙungiyoyi suka yi kunnen doki a maki, a ware wasannin da suka yi a junansu a sake lissafi. A tsakanin ukun, Nijar ta ci Saliyo sau ɗaya, ta ci Afirka ta Kudu sau ɗaya, maki 6. Afirka ta Kudu ta ci mu sau ɗaya, ta yi canjaras biyu da Saliyo, maki 5. Saliyo ma 5. Amma a Nelspruit kocin Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, da mutanensa sun ɗauka yawan ƙwallaye ake dubawa. Da suka ji Masar tana lallasa mu, kuma da matasan 'yan wasanta ma, sai suka daina neman ci, suka shiga ɓata lokaci, aka tashi suka yi ta rawa a fili suna zagayawa. Daga baya aka gaya musu. Hukumarsu ta yi ƙorafi, ta kuma janye. A wannan rana ɗaya Najeriya ta yi 2 da 2 da Gini a Abuja ita ma ta rasa gurbi, abin da ya ci kujerar Samson Siasia. Gasar 2012 aka yi ta babu Masar, babu Najeriya, babu Kamaru, babu Aljeriya, babu Afirka ta Kudu, amma da Nijar.

Washegari na je shagon telan na ce masa, "Maigida, jiya ka fi ni karatu." Ya ce ai shi bai iya karatu ba, saurare ya iya. Direban kuwa bai bar mu mun huta ba, ya ce to ga shi, da rana muka tara maki, da kuskuren wasu muka wuce. Baba ya ce masa wanda bai karanta dokar wasa ba bai shirya wa wasa ba, kuma maki 9 ɗin nan babu wanda ya ba mu sadaka.

A Disamba 2011, a Accra, CAF ta zaɓi Harouna Doula a matsayin gwarzon kocin Afirka na shekara. Wata ɗaya bayan haka, ranar 23 ga Janairu 2012, muka buga wasanmu na farko a Libreville da masu masauki, Gabon. Lokacin sanyi ne, mutane sun dawo daga ban ruwa a garake, aka cika gidan kallo har waje. Pierre-Emerick Aubameyang da Stéphane N'Guéma suka ci mu kafin hutun rabin lokaci, Mena kamar ba ta fito ba. Kafin wasa na biyu sai labari ya zo cewa Rolland Courbis, Bafaranshen da aka ɗauko a matsayin mai ba da shawara, shi ne zai ja ragamar ƙungiyar, Doula ya koma gefe.

A nan fadarmu ta rabu biyu, kuma ni ina ɓangaren da ya goyi bayan canjin. Hujjata ita ce gasar Afirka ba wasan Yamai ba ce. Courbis ya riƙe Bordeaux, ya riƙe Marseille har ya kai ta wasan ƙarshe na kofin UEFA a 1999, ya san yadda ake gyara ƙungiya cikin kwana uku. Na ce Doula ya kawo mu bakin kogi, a bar mai kwalekwale ya ƙetare da mu. Idan na faɗi gaskiya, akwai wani abu a ƙarƙashin hujjar da ban furta ba: mu da muka yi lakwal an raine mu da jin cewa abin da ya fito daga Faransa ya fi inganci, littafi ne ko koci. Telan ya amsa mini da sana'arsa. Ya ce, "Mushe, ka kawo mini yadi, na auna ka, na yanka, na haɗa jiki. Saura wuya da aljihu sai ka ɗauke ka kai wa wani. In rigar ta yi kyau ta wa ce? In ta lalace wa za ka kama?" Ya ce an wulaƙanta mutumin da nahiya guda ta karrama, saboda wasa ɗaya, da mai masauki, a gaban jama'arsa.

Ranar 27 ga Janairu aka buga da Tunisiya. Youssef Msakni ya ci mu tun da wuri, William N'Gounou ya rama bayan 'yan mintoci, Mena ta taka leda irin wadda ba mu taɓa ganin ta yi a waje ba, ta samu damammaki ta ɓarar, sai dab da tashi Issam Jemâa ya zura ta biyu. Na fito ina cika baki. Abin da telan ya yi a daren shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. A gaban kowa ya ce, "Yau Baturenku ya yi aiki, yaran sun fito gaba, ban taɓa ganin su haka ba." Bai janye maganarsa ta wulaƙanci ba, ya ce wannan daban, wancan daban. Amma abin da idonsa ya gani bai ɓoye shi don kare matsayinsa ba. Kwana huɗu bayan haka Maroko ta ci mu 1 da nema, Younès Belhanda ne ya ci, muka dawo gida babu maki ko ɗaya. Yanzu bashin ya dawo kaina. Na ɗauki kwanaki kafin na iya cewa sakamakon Courbis da na Doula a Libreville duk kashi ne, kuma wanda ya kai mu can shi ne wanda aka ture. Courbis bai ƙarasa shekarar ba ya tafi.

Wanda aka ɗauko bayansa shi ne Gernot Rohr, Bajamushen da ya jagoranci Gabon ta ci mu. Direban ya ce wannan dabarar 'yan kasuwa ce, wanda ya kayar da kai a ciniki ka ɗauke shi yaron shago. Hanyar zuwa gasar 2013 gajera ce, wasa biyu da Gini. A Konakiri aka ci mu 1 da nema, a Yamai a Oktoba 2012 muka ci 2 da nema, muka wuce. Direban ya daga hannu sama ya ce a shaida: an canza koci sau biyu, ɗan ƙasa, Bafaranshe, Bajamushe, amma har yanzu a gida ake ci, a waje a sha kashi. A ranar babu wanda ya iya ba shi amsa, telan ma shiru ya yi.

A Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, Janairu 2013, Mali ta ci mu 1 da nema saura 'yan mintoci a tashi, bayan ƙwallo ta kuɓuce wa mai tsaron gida Kassaly Daouda, Seydou Keita ya tura ta raga. A daren an yi wa Kassaly wankin babban bargo a fada, har da masu cewa a sauke shi. Kwana huɗu bayan haka shi ne ya tsare mu a gaban Kwango ta Kinshasa aka tashi babu ci, makinmu na farko a tarihin gasar. Waɗanda suka zage shi suka dawo suna yabonsa, Baba yana ƙirga su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Gana ta rufe mu da 3 da nema. Jimillar zuwanmu biyu: wasa 6, maki 1, ƙwallo 1, ta N'Gounou, an zura mana 9. Daga nan har gasar 2025 ba mu sake samun gurbi ba.

Kofin 2013 Najeriya ce ta ɗauka, a hannun Stephen Keshi, da ƙwallon Sunday Mba, ɗan wasan cikin gida, a ragar Burkina Faso. Telan ya samu makami. Na ce masa ai na 2012 Zambiya ce ta ɗauka da Bafaranshe, Hervé Renard. Ya ce kafin nan fa, Hassan Shehata sau uku. Muka yi ta jifan juna da sunaye har Baba ya gaji, ya ce mu daina ƙirga fata mu ƙirga shekaru: Shehata shekara nawa aka bar shi a kan aiki, mu kuma koci nawa muka canza cikin shekara ɗaya? Wannan tambaya ta sauya akalar hirar gaba ɗaya, daga wane ne koci zuwa wane ne yake da haƙurin barin koci ya yi aiki.

Kada a ɗauka fadarmu majalisar waliyyai ce. An yi zage-zage. Akwai wanda ya yi fushi a kan maganar Courbis ya ɗauke tabarmarsa, bai dawo ba sai bayan azumi. Akwai masu gardamar da ko ƙwallo ta shiga raga a gabansu za su ce ba ta shiga ba. Amma akwai wasu al'adu da babu wanda ya rubuta su, kowa kuma ya san su. In ka ce ɗan wasa ya lalace, za a tambaye ka a wane wasa, a wane minti. In ka faɗi magana yau, za a ajiye maka ita har wasa na gaba. Mai shayi yana zuba na farko da na biyu da na uku, kuma tsawon wannan lokaci ba a tashi, don haka dole ka zauna ka ji amsar wanda ka ƙalubalanta. Girma da karatu ba sa sayen gaskiya: makanike ya gyara wa malami, malami ya gyara wa Alhaji, a ci gaba da shan shayi. A makarantar horon malamai an koya mana darasin muhawara, da yadda ake raba aji gida biyu a ba kowa minti uku. Ban taɓa ganin ya kama ƙafar abin da ake yi a ƙofar shagon nan ba, saboda a aji yara suna kare ra'ayin da aka ba su aro, a fada kuwa mutum nasa yake karewa, kuma gobe zai sake haɗuwa da waɗanda suka ji shi.

Iyaye suna da gaskiya a kan abubuwa da yawa. Kuɗin gidan kallo daga aljihunsu yake fita. Wasannin Turai suna kaiwa dare, yaro ya zo aji yana gyangyaɗi. Cacar ƙwallo ta waya, wadda ba mu sani ba a 2011, ta shigo, kuma wanda ya sa kuɗinsa a kan ƙungiya ba ya iya cewa abokin karawa ya fi iya wasa. Gardamar Messi da Ronaldo da nake ji a bakin ɗalibaina sau da yawa ba gardama ba ce, kirari ne, kowa yana wasa gwaninsa babu mai sauraren wani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganin shi ne a rufe bakin yaro. Yaron da ya iya riƙe sakamakon wasa 38 a kansa yana da kan riƙe tarihi. Abin da ya rasa shi ne babba da zai zauna ya ce masa, "A wane wasa? Kawo hujja," sannan in yaron ya kawo, babban ya iya cewa, "Ka fi ni gaskiya."

Tarihin bai tsaya a 2013 ba, kuma ya ci gaba da ba kowane ɓangare abin riƙewa. A farkon 2023, a gasar CHAN ta Aljeriya, Harouna Doula ɗin nan dai ya jagoranci Mena ta cikin gida ta ci Kamaru 1 da nema, ta ci Gana 2 da nema, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, nesa da ranar Yamai. Na je shagon telan, wanda yanzu ido ya fara gajiya har yaransa ne suke zura masa zare a allura, na ce na zo biyan tsohon bashi, mutuminsa ya wanke kansa. Ya ce, "Mushe, kada ka manta Aljeriya ta ci mu 5 a wasan da ya biyo baya. In za ka rubuta, ka rubuta duka." A Nuwamba 2024 kuma, ƙarƙashin Badou Zaki ɗan Maroko, lokacin da muke karɓar baƙi a filayen aro a ƙasashen waje, Mena ta ci Sudan 4 da nema a Lome, ta bi Gana har Accra ta ci ta 2 da 1, ta rasa gurbi da maki ɗaya tak. Direban ya daina tuƙi, yana sayar da taki da irin albasa a kasuwa. Da na tuna masa maganar rana sai ya ce Lome ma akwai zafi.

Duk shekara yanzu, idan muka kai darasin jadawali a ajin CM2, nakan rubuta sakamakon wasanni 12 na rukunin nan a allo, in ce su fitar mini da wanda ya wuce. Kusan kullum Afirka ta Kudu suke ba ni, kamar yadda na ba jama'a a 2011. Sai in karanta musu dokar, su sake lissafi, aji ya kaure da murna kamar yau aka yi wasan. Bara wata yarinya da ke zaune a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to ai dokar ce ba ta yi adalci ba. Wasa shida kowa ya buga, don me za a zubar da biyu a ƙirga huɗu?" Wani yaro ya ce mata wanda ya kayar da kai ido da ido shi ya fi ka, ko nawa ka ci wasu. Na gaya musu a gasar Ingila hanyarta ake bi, a ta Sifaniya hanyarsa. Ta ce to ita tana nan a kan bakanta, ko da Nijar ce za ta faɗi. Aka kaɗa ƙararrawar tashi, rabin ajin bai motsa ba, sai da na ce su bar mini allon kada a goge, gobe da safe mu ɗora.